Umarar da Gwaggo Ta Ɗora Mini

Litinin, 1 ga Satumba, 6:40 na yamma

Oga Godfrey ya raba mana kalmomin wannan wata. Shirin namu na rediyo minti biyar ne duk Asabar: a ɗauki kalmar Turanci ɗaya, a warware wa masu sauraro ita da Hausa, ma'anarta, yadda ake amfani da ita, da inda ta samo asali. Patricia, abokiyar teburina, ta samu kalmar da ke nufin jinkiri. Ta ce ta dace da ita, tunda daga Karu take fitowa kullum. Ni aka miƙo mini *prepare*. Za a ɗauki muryata ranar 23.

Na ce, "Oga, babu wata?"

Ya ce, "Haba Rahmatu, wannan ai mai sauƙi ne. Shiryawa. Me ya rage?"

Ban gaya masa sau uku na ji kalmar yau kafin azahar ba. Likita ta faɗe ta sau biyu, nas ta faɗa sau ɗaya tana miƙo mini fom. Alhamis 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe, ɗakin tiyata. Za a kwantar da ni tun Laraba da la'asar.

Abu uku suke so in kawo: jini leda biyu daga mutanena, wanda zai zauna jinyata, da ɗan'uwa na jini da zai sa hannu a ƙarƙashin nawa. Na ce wa nas ɗin shekarata talatin da takwas, digirina biyu. Ta ce digiri ba ya ɗauko wa mutum ruwan wanka.

Babu wanda ya sani a gida.

Laraba, 3 ga Satumba, 1:15 na rana

Na ɗauko babban ƙamus ɗin ofis, wanda muke tokare taga da shi idan hadari ya taso. Kalmar daga Latin ta fito, ta ratsa ta Faransa, ta shiga Turanci fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce. Gaɓa biyu ce aka haɗa: *prae*, wato kafin, da *parare*, wato kintsa abu ko tanadarsa. A kintsa kafin. Kafin me, ba ta faɗa ba. Ba ruwanta.

Ƙamus ya ce *repair* da *separate*, gyarawa da rabawa, duk 'yan ɗakinsu ne, uwa ɗaya. Na mayar da shi bakin taga.

Juma'a, 5 ga Satumba, 5:00 na yamma

Na yi miya kala uku, na zuba a robobi goma sha ɗaya, na rubuta wa kowace suna da kwanan wata. Na goge zannuwa. Na canza kwan fitilar baranda da ya mutu tun Lukmanu, tsohon mijina, yana gidan nan, wato shekara uku. Duk wanda ya shigo zai ce ga mace mai tsari. Sai da na rufe firji na tuna likita ta ce kwanakin farko shayi da kunu kawai zan sha.

Lahadi, 7 ga Satumba, 7:10 na yamma

Na je Kubwa da niyyar faɗa. Tun daga Utako nake jera maganar a cikin mota, ina sa kalma ina cirewa kamar aikin ofis.

Na tarar da Umma a tsakar gida tana yanka kuɓewa. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma tambayata abu kai tsaye idan da wanda za ta bi ta kansa. Ta dube ni sau ɗaya, ta juya wajen ƙanena.

"Nazeer, yayarka tana cin abinci kuwa? Na ga wuyanta ya ƙara tsawo."

"Umma, ga ta nan zaune fa, ba a waya take ba."

"Kai na tambaya."

Na buɗe baki ke nan sai Sumayyah, matar Nazeer, ta ɗora mini jaririnsu a cinya don ta duba tukunya. Bai yi minti biyu ba ya jiƙa mini zane. Ta dawo tana tafa hannu: "Yaya, an yi miki albishir, saura naki." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Na iya.

Ban faɗa ba.

Talata, 9 ga Satumba, 4:30 na yamma

Na yi wani abu yau, ban san sunansa ba tukuna.

A gidanmu ba a shiga tiyata ko doguwar tafiya sai an bi dangi ɗaya bayan ɗaya an nemi gafara. Marigayi Baba ko haƙori za a cire masa sai ya kira ƙannensa. Na daɗe ina ganin abin kamar wasan kwaikwayo, amma yau na ga amfaninsa: idan na ce a yafe mini, dole a tambaye ni me ya faru, ni kuma sai in amsa. Tambaya nake nema. Na ce bari in fara daga gefe, kamar mai shan kunu da zafi, na kira Gwaggo Bilkisu, ƙanwar Baba.

Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, idan na taɓa yi miki wani abu, ki yafe mini. Ƙarshen wata zan ɗan yi kwanaki ba na gida."

Na riƙe numfashi. Sai ta rangaɗa guɗa a kunnena, har Patricia ta ɗago kai daga can teburinta.

"Umara! Allahu akbar! Wallahi jikina ya ba ni. Ba bara kika ce kina son zuwa ba? Na yafe miki duniya da lahira, 'yar nan, har sallar da kika ƙi zuwa gaishe ni. Yaushe ne tashin?"

Na ji bakina ya ce, "Laraba, 24."

"Allah ya kai mu!"

Na ce amin. Iyakar abin da na ce ke nan. Ni ban ce Umara ba, a rubuta wannan.

Laraba, 10 ga Satumba, 7:50 na safe

Saƙo arba'in da ɗaya a zauren danginmu na waya. Wani ɗan Gwaggo ya haɗa hotona na bikin Nazeer da hoton Ka'aba, ya zagaye da furanni.

Ranar dai, 12:20 na rana

Nazeer ya kira, Umma tana gefensa, ina jin ta.

"Ka ce wa yayarka an kyauta. A bakin Bilkisu zan ji."

"Yaya, kin ji."

"Ka ce mata ban yi fushi ba. Ka tambaye ta launin hijabin da take so."

Muryarta ce ta hana ni. Tun rasuwar Baba ban ji ta haka ba, sama-sama, kamar an sauke mata tulu daga ka. Na ce ruwan toka.

Juma'a, 12 ga Satumba, 3:05 na rana

Ban faɗa ba.

Litinin, 15 ga Satumba, 6:15 na yamma

Jiri ya ɗebe ni a matattakalar ofis, na zauna a hawa na uku kamar mai jiran wani. Jakata ta zube. Patricia ce ta tattara, fom ɗin yana sama, ita kuma ba ta san a kawar da ido ba. Ta karanta har ƙasa, ta zauna kusa da ni.

"Wannan ne Makka naki?"

Na ce wa ya gaya mata zancen Makka. Ta ce duk ofis an ji guɗa.

"Mama ya sani?"

Na girgiza kai.

"Kai, Rahmatu. Turanci ya cika miki kai, hankali bai samu wurin zama ba. Wa zai riƙe miki drip idan kina so ki je bayi? Oga Godfrey?"

Na yi dariya har sai da ciwon ya tuna mini da kansa. Ta ce gobe da hutun rana za ta je a ɗebi nata, jininta irin mai shiga kowa ne. Jinya kuwa ba za ta iya ba, yaranta uku, mijinta yana aiki a Lafiya. Sa hannu ma ba nata ba ne.

"Ko na sa gyale, nas zai gane ni ba 'yar gidanku ba."

Talata, 16 ga Satumba, 2:40 na rana

Leda ɗaya. Patricia ta sha malt biyu, ta ce daga yau idan na fara son wake da doya kada in yi mamaki.

Saura ɗaya. Jinina da na Nazeer iri ɗaya ne, tun muna makaranta na sani.

Laraba, 17 ga Satumba, 11:30 na safe

Na kai wa Oga rubutun. Na kasa amfanin kalmar gida uku. Na farko, a shirya abu: abinci, ɗaki, jawabi. Na biyu, mutum ya shirya kansa don abin da ke tafe. Na uku, a shirya wani kafin a gaya masa labari, a bi da shi a hankali.

Ya karanta yana kaɗa biro.

"Bayani ya yi. Amma misalai naki, me ya faru? Nas ta shirya gado. Matar ta shirya jin sakamako. Likita ya shirya iyalin. Ranar Asabar da safe ne fa, mutane suna shan shayi. Sa biki. Sa jarrabawa. Ke da za ki Makka, sa tafiya mana."

Na sa biki a na farko, tafiya a na biyu. Na uku na zauna da shi har aka tashi. Duk jimlar da na rubuta, mai shirya wani ɗin ya san ta inda zai fara. Ban san inda Turawa suke samun irin waɗannan mutane ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, 5:45 na yamma

Likita ta sake duba hoton. Ta ce ƙarin da ke jikin mahaifata ya ƙara girma. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu su cire shi su bar mini ita, amma sai sun buɗe za su sani, kuma idan jini ya ƙi tsayawa ba za su tashe ni su yi shawara da ni ba. Shi ya sa layi na bakwai yake cikin fom. Ta sa yatsa a kai. Na ce na karanta, har waƙafin da aka sa ba a wurinsa ba na gani.

Ta ce, "Kin kawo wanda zai sa hannu?"

Na ce yana hanya.

Asabar, 20 ga Satumba, 10:20 na safe

Nazeer ya kawo saƙo daga Kubwa: hijabi ruwan toka guda biyu, dambun nama, yaji a kwalba, man shafawa don tsagewar ƙafa. Umma ta yi aikin Hajji sau ɗaya, shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma a wurinta Makka tana nan yadda ta bar ta. Ta ce in ɗaure takalmina a jaka, kada in bar shi a ƙofa. Ta ce in nemi wata mai sayar da tuwo 'yar Gusau a bayan masaukinsu.

Akwai kuma takarda, falle biyu daga littafin makaranta, da rubutun Sumayyah. Sunayen masu son addu'a ne da abin da kowa yake so. Gwaggo: gwiwa. Ɗanta: aiki. Maƙwabciyar Umma: a shiryi mijinta, ko a yi mata maganinsa. Ashirin da bakwai.

Na ce, "Na Umma fa?"

Ya ce nata ba a rubuta ba, da baki ta bayar. Ya gyara tsayuwa ya kwaikwayi muryarta. "Ka ce wa yayarka, kallon farko da za ta yi wa Ɗakin Allah, addu'arsa ba ta faɗuwa. Kada ta ɓata shi a kan gwiwar Bilkisu. Ta roƙa wa kanta miji nagari da zuri'a. Ni ba na son komai."

Na shiga kicin na kunna famfo. Da na fito ya tambaye ni ƙarfe nawa ne jirgin, zai ɗauki rabin rana a wurin aiki ya kai ni. Na ce sai na duba. Na tsaya ina kallon jijiyar hannunsa lokacin da yake ɗaura agogo. Mai kyau ce, ba za ta ba nas wahala ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, 4:00 na yamma

Na kama kaina ina duba yanayin zafin Makka a waya. Arba'in da ɗaya. Na ce ashe sai na tafi da lema.

Ranar dai, 6:30 na yamma

Na karanta yadda ake ɗawafi, daga ina ake farawa, me ake cewa. Na haddace. Na karanta takardar asibiti: kada a ci komai bayan sha biyu, a cire ɗan kunne, a goge lalle ko jan farce, a zo da farin kati. Wani wuri a kaina ya haɗe su, wanka, cire ado, farin tufafi, a bar takalmi a ƙofa. Ban san wace tafiyar nake ninke wa kaya ba. Na kira Kubwa, Sumayyah ta ɗauka ta ce Umma tana salla, na ce ba komai, gaisuwa ce.

Litinin, 22 ga Satumba, 1:00 na rana

Patricia: "Kin faɗa?" Na ce tukuna. Ta ce ranar Laraba idan ta ji shiru, da kanta za ta hau motar Kubwa, ko ba ta san gidan ba za ta bi layi-layi tana kiran Maman Rahmatu.

Talata, 23 ga Satumba, 3:20 na rana

An ɗauka. Minti huɗu da daƙiƙa hamsin, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce masu sauraro, kalmarmu ta yau tsohuwa ce, ta fi duk wanda ke jin mu shekaru. Na ce ma'anarta a kintsa kafin lokaci ya zo. Na uku na ba shi misali da malami da ɗalibai. Oga ya ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi, ya ce in tuna da shi da dabino.

Ranar Asabar za a sa. Muryata za ta fita ƙarfe tara da kwata, ko ina ji ko ba na ji.

Na biya kasuwar Utako na sayo bokiti, fulas, silifas, da sauran abin da ke jerin nas. Na zuba a jaka. Hijaban Umma na ɗora a sama, don ban san inda zan ajiye su ba.

Laraba, 24 ga Satumba, 11:15 na safe

Ƙarfe takwas aka ƙwanƙwasa. Umma ce, ita kaɗai, ta hau motar haya daga Kubwa cikin ma'aikata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa ƙofa, ba ni ba, 'yan boko ba su iya haɗa kaya ba, gara ta gani da idonta.

Ta zauna a bakin gado ta zuge jakar. Ta ɗaga hijaban. Ta ciro fulas ta ajiye a ƙasa. Ta ciro tsofaffin zannuwa huɗu, waɗanda ba a jin ciwon ɓacinsu. Audugar mata ƙunshi uku, manya. Kofi da cokali. Bokitin yana gefen jakar, sabo, da takardarsa a jiki. Ta daɗe tana kallonsa. Ita ta yi jinyar Baba wata biyu, ta yi ta Gwaggo, ta yi ta Sumayyah.

Ta ce, "A Makka bokiti ya ƙare ne?"

Babu Nazeer, babu Sumayyah, babu kowa a ɗakin da za ta bi ta kansa.

Na faɗa. Ba yadda na jera a mota ba, ba a hankali ba, daga tsakiya na fara na koma farko. Bai kai minti biyu ba. Layi na bakwai kawai na tsallake.

Ta mayar da zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta sake ninke biyu da ban ninke daidai ba.

"Sati biyu. Aka bar ni ina daka yaji."

Na ce ta yafe mini.

"Wannan kalmar ce ta jawo mana. A bar ta haka."

Ta miƙo hannu na ba ta wayata. "Nazeer, ka karya? To ka ƙara. Ka biya gida ka ɗauko mini tabarmata da buta da bargo, ka zo Utako. Jini za a ɗiba a jikinka. A'a, ba jirgi. Ka zo dai." Ya tambayi abin da zai ce wa Gwaggo, ta ce ya bar mata Bilkisu, ita ta yi guɗar, ita za ta bi gida-gida ta kwashe ta.

Tana kicin yanzu, ina jin tana buɗe robobina tana tsaki.

Ranar dai, 5:35 na yamma, gado na huɗu

Leda biyu. Nazeer ya fito yana dafe da hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Yaya, ai da kin faɗa," ya tsaya nan. Patricia ta turo saƙo, hoton hannuwa biyu a haɗe har guda tara.

Nas Angela ta kawo fom. Nazeer ya miƙa hannu zai karɓa, Umma ta riga shi. Ta riƙe takardar nesa da fuskarta, ta bi layukan da ido, ita da ba ta karatun boko. Sannan ta ɗora mini a cinya.

"Ba na sa hannu a abin da ban ji ba. A fassara. Ai aikin ke nan."

Na fara. Sunan mara lafiya. Sunan aikin. Allurar barci da abin da kan iya biyo bayanta. Ƙarin jini. Muryar rediyo ce ta fito, sumul, har matar gado na uku ta juyo tana sauraro. A na bakwai muryar ta tafi ta bar ni. Na nemi kalma mai laushi, na san guda uku ko huɗu, duk suka ƙi zuwa. Na ce, "Idan jini ya ƙi tsayawa, za su cire mahaifar gaba ɗaya. Ba zan haihu ba, Umma."

Nazeer ya fita duba mota.

Umma ta dubi ƙafafunta. An kira salla a masallacin asibiti, aka gama, ba ta motsa ba. Ina jiran ta ce a jira, a nemi wani likita, a gwada na gargajiya, a kira malam. Na tanadi amsar kowanne.

Ta ɗago ta dubi nas Angela, ta nuna ni da haɓa.

"Wannan dai za ku dawo mini da ita?"

Angela ta ce, "Da yardar Allah, Mama."

Umma ta goge hannunta a zane, ta karɓi biron. Ta fara daga dama, da ajami, a hankali, harafi bayan harafi, har sunan ya haura layin da aka ba ta ya shiga cikin nawa.